Yadda wasu ma'aikatan Google suka nesanta kansu da kamfanin

Ma'aikaci kan iya ci gaba da karɓar albashi a wurin aikinsa alhali ya daina ɗaukar kansa a matsayin ɗan gida, musamman idan manufofin wurin suka ci karo da abin da ya yi imani da shi.

Kamfanin Google na Amurka na daga cikin wuraren da wannan lamari ya fito fili.

Mafarin taƙaddamar

A shekarar 2018, ma'aikata fiye da 3,000 suka rattaba hannu a kan wata wasiƙa zuwa ga shugaban kamfanin, Sundar Pichai, suna neman a janye daga Project Maven.

Wannan shiri ne na ma'aikatar tsaron Amurka, wanda ke amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen tantance hotunan da jirage marasa matuƙa ke ɗaukowa.

Wasu ma'aikatan sun ajiye aiki, kuma a watan Yunin shekarar kamfanin ya ce ba zai sabunta kwangilar ba, ya kuma yi alkawarin ba zai ƙera fasahar makamai ba.

Kwangilar Isra'ila

A shekarar 2021, Google da Amazon suka samu kwangilar Project Nimbus ta dala biliyan 1.2, domin samar wa gwamnatin Isra'ila rumbunan adana bayanai ta intanet.

A watan Afrilun 2024, lokacin yaƙin Gaza, wasu ma'aikata suka yi zaman dirshan a ofisoshin kamfanin na New York da Sunnyvale, suna cewa ba su amince a yi amfani da guminsu a kan Falasɗinawa ba.

Kamfanin ya kori 28 nan take, bisa zargin hana abokan aikinsu gudanar da ayyukansu, sannan ya ce kwangilar ba ta shafi ayyukan soja na sirri ba.

Illa ga wurin aiki

Babban abin da aka rasa shi ne yarda tsakanin shugabanni da na ƙasa da su.

A shekarar 2019, Google ya taƙaita muhawarar siyasa a wurin aiki, ya kuma mayar da taron mako-mako, inda ma'aikata ke yi wa shugabanni tambayoyi, zuwa na wata-wata, saboda yadda ake tsegunta wa 'yan jarida abin da aka tattauna.

Wasu ma'aikatan kuma sun kafa ƙungiyar ƙwadago ta Alphabet Workers Union a watan Janairun 2021.

A watan Fabrairun 2025, kamfanin ya cire alkawarin nan na makamai daga cikin ƙa'idojinsa.