Jirgin ruwa na roba da injinsa: abin dubawa kafin a saya domin su a ruwayen Ƙonni, Malbaza da Illela

Jirgin ruwa na roba, wanda ake hura wa iska, ba baƙo ba ne ga mai kallon talabijin, don da shi jami'an ceto ke shiga unguwanni lokacin ambaliya. A ƙasashen da ke amfani da Faransanci ana kiransa Zodiac, sunan kamfanin Faransa da ya fara ƙera shi a shekarun 1930. Ya yi suna a 1952, lokacin da wani likita Bafaranshe, Alain Bombard, ya ƙetare tekun Atlantika cikin irinsa shi kaɗai, a kwana 65. Domin bakin teku aka ƙera akasarin waɗannan jirage, kuma shawarwarin da ake samu kansu a intanet na masu kamun kifin teku ne. Wanda ke son sayensa domin tabki ko madatsar ruwa a jihar Tawa yana buƙatar wani lissafi daban, saboda ruwan nan bai yi kama da teku ba ta kowace fuska.

Ruwan da za a shiga

Manyan ruwayen yankin ba su da yawa. Akwai madatsun Mozage da Zongo a kwarin Magiya, waɗanda ke ba gandun noman rani na Ƙonni ruwa ta hanyar matattarar Cerasa. Akwai madatsar Galmi a yankin Malbaza. Ta ɓangaren Illela kuma akwai tabkin Ɗan Dutsi, kusa da Bagaruwa, wanda ya cika ya zauna tun ruwan damanar 1974, aka kuma saka shi cikin jerin wuraren dausayi masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar a 2005. Magiya da kanta tana ƙarewa ne a tabkin Kalmalo, a tsallaken iyaka, cikin jihar Sakkwato.

Duk waɗannan ruwaye halinsu ɗaya. Suna cika da damana, su yi ta ja baya har bazara. Ba su da zurfi sosai, laka da yashi na cike su shekara bayan shekara, kuma a gefensu akwai kututturan bagaruwa da rassan ƙaya da ruwa ya rufe. Babu igiyar ruwa irin ta teku, sai dai guguwar farkon damana da iskar hunturu, waɗanda ke iya tayar da ruwa cikin ɗan lokaci. A teku abin da ke kayar da ƙaramin jirgi igiyar ruwa ce. A nan ƙaya ce da rana da laka.

Sana'ar su da kanta ma abokiyar gabar roba ce. Ƙugiyoyin mamari, ƙayar tarwaɗa da ta ƙurungu, wuƙar gyaran kifi, kowannensu na iya huda bututun iska. Shi ya sa masuncin da ke aiki kullum a tabki guda, yana zuba taru ko yana jan kalli, da wuya jirgin roba ya fi masa jirgin katako. Katako na jure ja a kan tsakuwa, kafinta na gari na iya gyara shi, kuma kuɗinsa bai kai ba. Inda roba ta yi zarra shi ne ɗauka: ana sace iskar, a naɗe shi, a ɗora a amalanke ko bayan mota. Ƙungiyar masunta da ke bin ruwa daga wannan tabki zuwa wancan, ko magajin gari da ke son jirgin ceto da na sintiri, su ne suka fi dacewa da shi. Yana da faɗi, ba ya saurin kifewa, kuma ko ruwa ya cika shi ba ya nutsewa muddin akwai iska a bututun.

Fatar jirgin

Iri biyu ne a kasuwa. Na farko PVC, mai sauƙin kuɗi da rashin nauyi. Na biyu wanda ake kira Hypalon, roba mai jure rana da zafi da man fetur, amma mai tsada ƙwarai. A Turai bambancinsu bai cika damun mai saye ba, don jirgin na fita wata uku ko huɗu ne a shekara. A Ƙonni, inda zafin watan Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40 a inuwa, bambancin babba ne. PVC da aka bari a rana yakan yi danƙo, daga baya ya bushe ya tsage, kuma gam ɗin da ya haɗa sassansa yakan saki. Idan aljihu bai kai ga Hypalon ba, a nemi PVC wanda aka narka haɗinsa da zafi, ba wanda aka manna da gam ba, a kuma tanadar masa rumfa ko tamfol tun ranar farko.

Zafin yana da wata illa da mutane ba su cika lura da ita ba. Iskar da aka hura da sanyin safiya tana kumbura da rana. Ƙarfin iskar da bututun ke ɗauka kaɗan ne, wajen bar 0,25, alhali tayar mota na ɗaukar sama da bar 2. Don haka ba a kai shi wurin mai faci a hura da injin taya. Da famfon ƙafa ake hurawa, kuma idan za a ajiye shi a tudu da tsakar rana sai a rage iskar.

A ƙirga ɗakunan iska. Jirgin kirki yana da uku aƙalla, kowane da bakinsa, ta yadda in ɗaya ya huje sauran za su riƙe shi har gaɓa. Ƙananan jiragen da ake sayarwa cikin kwali tare da kayan wasan yara, marasa katakon ɗaura inji a baya, na wanka ne a bakin ruwa, ba na su ba ne, kome arharsu. Dangane da daɓen ciki, na katako ko na alminiyom ya fi na iska ga mai tsayawa ya jefa birgi, kuma ya fi jure ƙugiya. Nau'in da ke da ƙasa mai tauri, wanda Faransawa ke kira semi-rigide, shi ne sarki a teku, amma ba ya naɗuwa, sai da tirela, ke nan ya rasa amfanin da ya sa ake son roba a nan.

A jikin katakon baya akwai wani ƙaramin allo da ke nuna yawan mutane, nauyin kaya da iyakar ƙarfin injin da jirgin ke ɗauka. Jiragen da aka yi domin kasuwar Turai suna da harafi: C na bakin teku ne, inda igiyar ruwa ke kai mita 2, D kuma na ruwa mai kwanciya ne. Jirgin da aka kankare allonsa, ko babu shi sam, a bar shi. Adadin mutanen da aka rubuta kuma ba ya lissafa taru jiƙaƙƙe da kifi da tankin mai. Jirgin mita 3 da rabi da aka ce na mutum biyar ne, a wurin aiki na mutum biyu ne ko uku.

Inji

Nan ne aka fi yin asarar kuɗi, saboda ana son babban inji kamar yadda ake son babban babur. Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 15 ko 40 ya cika gaɓar tekun Afirka ta Yamma da kogin Kwara, kuma ya cancanci sunan da ya yi. Sai dai mai doki 15 nauyinsa ya kusa kilo 40, kuma in an buɗe masa wuta yana shan kusan lita 7 a awa guda. A tabkin da ake ƙetarewa cikin ƴan mintoci, inji mai doki 4 zuwa 6 ya isa, mutum ɗaya na iya ɗaukarsa, kuma shansa bai kai rabin wancan ba. Tun da Najeriya ta cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, man bakin iyaka ya daina zama abin da ake zubawa ba lissafi. Kafin a sayi inji, a auna kuɗin man yini da kuɗin kifin yini. A wasu ruwayen, filafili da sandar tuƙi ne kawai ke barin riba.

Inji mai bugu biyu, wanda ake haɗa masa fetur da baƙin mai, ya fi sauƙin nauyi da sauƙin gyara, kuma bakaniken da ya saba da injin ban ruwa ko tsohon babur zai gane kansa. Akasarinsu na son kashi 1 na mai cikin kashi 50 na fetur, wato mililita 100 a lita 5, amma a duba littafin injin. Mai bugu huɗu ya fi tsimin mai, ba ya hayaƙi sosai, ba ya zubar da mai a ruwa, abin da ke da muhimmanci a tabkin da dabbobi ke sha, ake kuma ban ruwan albasa da shi. Aibinsa nauyi, tsada, da rashin haƙuri da gurɓataccen mai. Man kwalba na bakin hanya yakan zo da ruwa ko ƙura, don haka a tace shi kafin a zuba, kowane irin inji ne.

Tsawon ƙafar inji dole ya dace da tsayin katakon baya. Gajeriyar ƙafa ta katako mai santimita 38 ce, doguwa ta mai santimita 51. Akasarin ƙananan jiragen roba gajeriya suke so, kuma a ruwa marar zurfi doguwar ƙafa noman laka kawai za ta yi. Lakar ce ma babbar matsala, domin da ruwan tabkin injin ke sanyaya kansa. Wata ƴar farfelar roba ce a cikin ƙafar ke tura ruwan sama, kuma yashi na cinye ta. Muddin inji na aiki, ya kamata a ga siririn ruwa na fita ta bayansa. In ya tsaya, a kashe nan take. Ba a tayar da injin a tudu ba ruwa, ko na rabin minti. Mai saye ya haɗa da wannan ƴar farfela, da buji, da farfelar tuƙi ta ajiya, don ba kayan da ake samu a kowace kasuwar mako ba ne.

Ga mai sayen na hannu, daga Kwatano ko Legas, akwai ƙarin dubawa: injin da ya yi aiki a ruwan gishiri yakan ci daga ciki. A sa a tayar da shi cikin durom na ruwa, a kuma kwance ƙusar man ƙafa. Idan man ya fito fari kamar madara, ruwa na shiga. Shi kuma jirgin a hura shi, a shafa masa ruwan sabulu a haɗe-haɗe da bakunan iska, a bar shi ya kwana. Wanda zai yi su a tekun kansa, kamar ƴan ci-rani da ke zaune a waɗannan garuruwa, lissafinsa ya juya: yana buƙatar jirgi mai harafin C, inji mafi ƙarfi, da wanke injin da ruwan daɗi bayan kowace fita.

Takarda da rai

Su na sana'a a Nijar yana buƙatar lasisi, kuma jami'an gandun daji ne ke kula da shi. A madatsun da ke ba gandun noma ruwa, sai an ji ta bakin ONAHA da ƙungiyoyin manoma kafin a saka inji, haka nan a tuntuɓi sarkin ruwa, don ƙarar inji da farfela na iya korar kifi ko yanke kallin wasu.

A watan Afrilun 2022 mutum 29, akasarinsu yara da matasa, sun rasu da jirginsu ya kife a yankin Shagari na jihar Sakkwato, a ruwan da ba teku ba. Jirgin roba ba ya nutsewa da sauƙi, amma mutum na faɗowa daga kansa, kuma iska na tura shi da sauri fiye da yadda mai iyo zai kamo shi. Rigar ceto ga kowane mutum tana cikin kuɗin jirgin, tare da filafili biyu, famfo, kayan faci da ƙaramin anka. Akwai kuma wata jar igiya da ke zuwa da inji, wadda matuƙi ke ɗaurawa a hannu ko a ƙafa. Idan ya faɗa ruwa, igiyar na fizgewa, injin ya mutu. In aka cire ta aka ajiye, jirgin zai ci gaba da kewayawa ba matuƙi, farfela na juyawa kusa da wanda ke cikin ruwan.