Tabkin Leman: yadda ake auna lafiyar ruwan da biranen Jeneba da Lozan ke sha

Tabkin Leman yana kan iyakar Faransa da Suwis. Faɗinsa ya kai murabba'in kilometir 580, zurfinsa kuma metir 309 a wurin da ya fi zurfi. Kogin Ron ne ke shiga cikinsa ta gabas, ya fita ta birnin Jeneba. Mutane wajen 900.000 ne ke shan ruwan pampo da aka ɗebo daga wannan tabki, kuma cikinsa ne ruwan da wasu daga cikin biranen suka gama amfani da shi yake komawa bayan an tace. Ruwan da ya shiga yakan yi kimanin shekara 11 kafin ya fita, don haka dattin da aka zuba a yau ba gobe zai wuce ba.

Wa ke sa ido?

Tun 1957 masana ke auna ruwan tabkin a kai a kai. A 1962 ƙasashen biyu suka sa hannu kan yarjejeniyar da ta kafa hukumar haɗin gwiwa ta kare ruwan Leman, wadda aka sani da CIPEL. Jihohi uku na Suwis da gundumomi biyu na Faransa ne ke cikinta. Kowace shekara tana fitar da rahoto, tana kuma bai wa gwamnatocin shawara.

Babban wurin awo yana tsakiyar tabkin, tsakanin Lozan da Ebiyan, inda ya fi zurfi. Ma'aikatan cibiyar bincike ta INRAE da ke garin Tonon suna zuwa can da jirgin ruwa sau ɗaya ko biyu a wata, su ɗebi ruwa tun daga sama har ƙasa, su kai ɗakin gwaji. Amfanin komawa wuri guda da hanyar awo guda shi ne, ana iya kwatanta bana da shekara hamsin da suka wuce.

Me ake aunawa?

Na farko shi ne garau ɗin ruwa. Ana ɗaure farin faifai da igiya, a zura shi cikin ruwa har ido ya daina ganinsa, sai a auna tsawon igiyar. Ana kiransa faifan Secchi, da sunan masanin Italiya da ya fara amfani da shi a 1865.

Na biyu shi ne sinadarin fosfor, wanda ke fitowa daga masai, da garin sabulun wanki, da takin gona. Shi ne abincin ƙananan gansakuka da ke yawo cikin ruwa. Na uku shi ne yawan gansakukar kanta, wanda ake ganewa daga koren sinadarin da ke jikinta. Na huɗu kuwa iskar oksijen ce da ke ƙasan tabki: idan gansakuka ta yi yawa ta mutu, sai ta nutse ta ruɓe, ruɓewar ta cinye iskar da kifi ke bukata.

Ana kuma neman ragowar magungunan ƙwari da na asibiti da ƙarafa. A wuraren wanka kuwa, hukumomi na ƙirga ƙwayoyin cutar da ke nuna kashi ya shiga ruwa, su rufe wurin idan sun wuce ƙima.

Abin da awon ya nuna

Kafin 1960 fosfor bai wuce mikrogram 15 a kowace litir ba (mikrogram shi ne gram guda da aka raba miliyan). Da birane suka bunƙasa, sai ya yi ta hawa har ya kusa 90 a 1979. Waɗannan alƙaluma ne suka sa aka gyara tashoshin tace ruwan datti don su riƙa cire fosfor. Suwis ta hana sa shi a sabulun wanki a 1986, Faransa ta bi sahu a 2007. Yau ya sauko ƙasa da 20, burin hukumar kuma shi ne ya tsaya tsakanin 10 da 15.

Sabuwar damuwa

Awon zafin ruwa ya nuna tabkin yana ƙara ɗumi. A da, idan hunturu ya yi tsanani, ruwan sama kan yi sanyi ya yi nauyi ya nutse, ya kai iska har ƙasa. Rabon da ruwan ya gauraye gaba ɗaya tun 2012, shi ya sa iskar ƙasan tabkin ta ragu sosai. Haka kuma tun 2015 aka gano wata baƙuwar makankara mai suna kwaga, wadda ke yaɗuwa tana toshe bututun ɗibar ruwa.

Don bin waɗannan sauye-sauye, a 2019 aka girka wani dandamalin bincike mai yawo kan ruwa kusa da Lozan, mai suna LéXPLORE, wanda na'urorinsa ke awo dare da rana.