Tutar Najeriya a bakin iyaka: abin da doka ta ce, da yadda ake wanke ta da adana ta

A lokacin da iyakoki suke buɗe, matafiyin da ya tashi daga Kamba, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Dandi ta Jihar Kebbi, yana iya ratsawa ta ƙarƙashin tutocin ƙasashe uku kafin rana ta faɗi. Zai bar ta Najeriya a shingen kwastam da na jami'an shige da fice, ya tarar da ta Nijar a kan hanyar Gaya, idan kuma ya haye gadar Kogin Neja zuwa Malanville sai ta Jamhuriyar Benin ta tarye shi. Wanda ya yi kudu ta Ƙaramar Hukumar Bagudo kuwa, iyakar Benin zai iske kai tsaye ta wajen Lolo ko Tsamiya.

Mutanen da ke zaune a ɓangarorin uku 'yan'uwan juna ne: Dendawa, Kyangawa, Zabarmawa, Hausawa da Fulani, waɗanda yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na tsakanin 1898 da 1906 suka raba wa ƙasa. Harshe da sutura ba sa nuna wa baƙo inda wata ƙasa ta ƙare, wata ta fara. Sau da yawa tutar da ke kaɗawa a gaban ofishi ko makarantar firamare ita ce shaidar farko ta hukumar da ke iko da wurin. Gwamnati ta rufe iyakar Kamba a watan Agustan 2019, ta buɗe a watan Afrilun 2022, aka sake rufe iyakokin Najeriya da Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris ɗin 2024. Duk mai rayuwa a irin wannan wuri ya san ma'anar tutar da ke kansa. Ba kowa ya san cewa kula da ita wajibi ne na doka ba.

Asalinta da sifarta

Michael Taiwo Akinkunmi, ɗalibi a Landan a lokacin, shi ne ya zana tutar a gasar da aka yi a 1959, aka ba shi kyautar fam 100. A zanensa na asali akwai jar rana a tsakiyar farin, alƙalan gasar suka cire ta. An fara ɗaga tutar ne a Legas ranar 1 ga Oktoba, 1960. Akinkunmi ya rasu ranar 29 ga Agusta, 2023, yana da shekara 87.

Sifar tutar tana da muhimmanci ga mai gyaranta. Tsawonta ninki biyu ne na faɗinta, kuma an raba ta gida uku daidai wa daida a tsaye: kore, fari, kore. Tuta mai faɗin santimita 90 tsawonta 180 ke nan, kowane gida 60. Koren yana nuni da albarkar noma, farin kuma zaman lafiya da haɗin kai.

Doka mai hukuncin naira ɗari

Sashe na 24 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa girmama tutar ƙasa da taken ƙasa cikin wajibban kowane ɗan Najeriya. Dokar da ta yi bayani dalla-dalla ita ce Dokar Tutoci da Tambarin Ƙasa, wadda aka kafa a 1960, tana kuma cikin kundin dokokin tarayya na 2004. Ta ce laifi ne mutum ya ɗaga ko ya nuna tutar ƙasa alhali ta lalace ko an ɓata mata kama. Ta kuma tsara ƙa'idojin kafa tutar wata ƙasa a bainar jama'a. Wannan tanadi ya shafi garuruwan iyaka fiye da ko'ina, domin a nan ne ake yawan taron jami'an ƙasashe biyu a rumfa ɗaya.

Hukuncin ne abin dariya: tarar naira 100, sai naira 10 a kowace rana idan laifin ya ci gaba. Kuɗin da a yau da ƙyar zai sayi ƙullin garin sabulun da za a wanke tutar. Ba mamaki yagaggun tutoci suke kwana a kan sanda a sassan ƙasar nan babu mai tambaya.

Amma hukuma ba ta wasa da batun tuta idan ya taɓa siyasa. A zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024, wasu matasa a Kano da Kaduna da wasu biranen Arewa sun ɗaga tutar Rasha, kamar yadda aka gani a Yamai shekara guda kafin nan. An kama mutane da dama, har da teloli, aka gurfanar da wasu bisa zargin cin amanar ƙasa, ciki har da ƙananan yara waɗanda Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin a saki a watan Nuwamba na shekarar. Mai karatu na iya auna nisan da ke tsakanin waɗannan hukunce-hukunce biyu.

Abin da ke cin tuta a Dandi da Bagudo

Yanayin yankin ba ya tausaya wa yadi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana shiga saƙar ta mayar da farin ruwan ƙasa. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40, rana ta cinye rinin har koren ya koɗe, zaren kuma ya yi rauni. Sai iska mai ƙarfi ta farkon damina ta zo ta tarar da yadin ya gaji, ta fara yage shi daga bakin da ke nesa da sanda, wanda ya fi ko'ina shan kaɗawa. A garuruwan bakin kogi ana ƙara da laima, mai kawo fumfuna. Akwai kuma tsatsar sandar ƙarfe, wadda ke barin jan tabo idan jiƙaƙƙiyar tuta ta nannaɗe a jikinta.

Ƙura ba muni kawai take jawowa ba. Ƙananan tsakuwoyinta suna goga zare duk lokacin da tuta ta motsa, saboda haka tutar da ake wankewa ta fi daɗewa.

Wanki

Yawancin tutocin kasuwa na yadin roba ne, wato foliyesta ko nailan, sai kaɗan na auduga da tela ke haɗawa. Babban haɗarin wankinsu ɗaya ne: koren ya zuba a kan farin da ke tsakiya. Don haka kafin a tsoma tuta a ruwa, a jiƙa farin ƙyalle a goga a gefen koren. Idan launi ya fito a ƙyallen, yadin yana zuba, sai a yi wankin cikin hanzari da ruwa mai yawa, kada a bar shi ya jiƙa.

A fara da kakkaɓe ƙurar tun tuta tana bushe, domin jar ƙasa idan ta sha ruwa rini take zama. Sannan a wanke da hannu a ruwan sanyi da sabulu kaɗan, ita kaɗai, ba tare da wasu kaya ba. Ruwan zafi yana sa rini zuba, yana kuma sa auduga ta tsuke. Bilic, wanda mutane ke ɗauka shi ne maganin farin da ya dafe, yana ƙone koren nan take idan ya taɓa shi, yana kuma cin zare. Bula ma ba ta dace ba, tunda farin tuta fari ne sol, ba mai shuɗi-shuɗi ba. Tabon tsatsa a kan farin yakan ragu da ruwan lemon tsami da gishiri, a shafa a wurin kawai, a ɗauraye da sauri.

Ba a buga tuta a kan dutse, ba a murɗa ta. A ɗauraye har kumfa ya ƙare, a matse a hankali, a shanya a igiya cikin inuwa, a ware ta yadda kore ba zai kwanta a kan fari ba. Shanya a ƙasa ko a kan yashi, yadda aka saba da wasu kaya a bakin gulbi, bai halatta ga tuta ba, domin ƙa'idar da aka sani ita ce kada ta taɓa ƙasa. Idan za a yi guga, dutsen ya kasance da ɗumi kaɗan, a shimfiɗa wani ƙyalle a sama. Dutsen gawayi mai zafi yana narkar da yadin roba cikin ƙiftawar ido.

Gyara, saukewa da ajiya

Da zarar bakin tuta ya fara zarewa, a kai wa tela ya datse ya kalmashe da ɗinki biyu. Gyaran yana da iyaka: idan aka rage santimita 10 daga gidan da ya kamata ya zama 60, koren waje ya gaza na ciki, sifar da aka tsara ta ɓaci. A nan sai sabuwa.

Al'adar hukuma ita ce a ɗaga tuta da safe a sauke da faɗuwar rana. Wannan girmamawa ce, kuma tattali ne, domin tana hutar da yadin daga iskar dare da raɓa. Idan hadari ya haɗo da guguwa, sauke ta ya fi. Ofishi ko makarantar da ke da tuta biyu tana musanya su, ɗaya a sama ɗaya a wanki, ba za ta taɓa rasa mai tsabta ba. Abin da ya fi kashe tutoci a ma'aikatu shi ne rashin wanda aka ɗora wa aikin da sunansa, ba rashin kuɗi ba.

A lokacin makokin ƙasa, kamar kwana bakwai da aka ayyana bayan rasuwar tsohon Shugaba Muhammadu Buhari ranar 13 ga Yuli, 2025, ana sassauto da tuta zuwa rabin sanda. Ana fara kai ta ƙololuwa ne sannan a sauko da ita, haka kuma da yamma a mayar da ita sama kafin a sauke gaba ɗaya.

Sai ta bushe sarai ake ninke ta. A ajiye ta a akwati ko durowa, nesa da gara da ɓeraye, ba cikin leda ba, domin leda tana riƙe laima.

Tutar da ta koɗe ko ta yage har ba ta gyaruwa ba a mayar da ita tsumman goge tebur, ko labule, ko rufin kaya a kasuwa, ba a kuma jefa ta a juji. Hanyar da aka saba bi ita ce a ninke ta a ƙone ta a keɓe, cikin natsuwa, a binne tokar. Keɓewar tana da dalili: ƙona tuta a gaban jama'a, musamman a garin iyaka mai jami'an tsaro da yawa, ana iya fassara shi da wata manufa daban. Shugaban makaranta ko ofishi ya kamata ya san ranar da za a yi, kuma sabuwar tutar ta riga ta hau sanda.