Sashe na 41 da Mai Kokon Choggu: Shin Sabuwar Doka ce Maganin Ƙirƙirarriyar Basira a Ghana?

Tun da dokar Tarayyar Turai kan ƙirƙirarriyar basira ta fara aiki a watan Agustan 2024, wata magana ta zama ruwan dare a bakin masana shari'a: wai Ghana ba ta da doka kan wannan fasaha, don haka sai ta rubuta tata irin ta Turawa kafin a yi zancen kare kowa. Masu wannan ra'ayi sukan tuna cewa a Accra Google ta buɗe cibiyar bincikenta a 2019, a Accra ɗin kuma ministocin Tarayyar Afirka suka amince da tsarin nahiyar kan fasahar a Yulin 2024, saboda haka abin kunya ne mai masauki ya zauna hannu rabbana. Wannan maƙala tana ganin an bar jaki ana dukan taiki.

Abin da ke ƙasa sananne ne ga duk ɗalibin fannin: sashe na 18(2) na kundin tsarin mulkin 1992, Dokar Kare Bayanai ta 2012 (Doka ta 843), Dokar Tsaron Intanet ta 2020 (Doka ta 1038), da Yarjejeniyar Malabo ta 2014 wadda Ghana ta tabbatar. Ba nan gardamar take ba.

Gardamar tana Choggu, wata unguwa a Tamale, a gefen titin da ababen hawa masu ƙafa uku, waɗanda mutanen Tamale ke kira yalo-yalo, suke sauke fasinja. A nan, ƙarƙashin laima mai ruwan ɗorawa, yaro mai MoMo, wato harkar kuɗi ta waya, yana zaune da wayoyi biyu da littafin lissafi. Mai koko ta zo da sassafe tana neman ɗan jarin gero da sukari. Ta miƙa masa wayarta domin ba ta karanta Turanci, ya danna *170#, ya bi jerin zaɓi har wurin rance, ta karɓa ta sa lambar sirrinta, ta mayar masa. Kafin ta gyara ɗankwali amsa ta fito: ko an ba ta sidi kaza, ko an hana ta. Babu ma'aikacin banki da ya dubi fuskarta, babu wanda ya tambayi maƙwabta halinta. Lissafin na'ura ne ya auna yadda kuɗi ke shiga da fita a layinta, layin da tun rajistar da aka fara a Oktoban 2021 aka ɗaure shi da katinta na ɗan ƙasa. Idan ana neman ƙirƙirarriyar basira a rayuwar talakan arewacin Ghana, to ga ta nan, tun kafin a fara tarukan ƙara wa juna sani a kanta.

To, shin doka ta yi shiru a kan wannan hukunci? Ba ta yi ba. Sashe na 41 na Doka ta 843 ya ba mutum ikon rubuta wa mai riƙe da bayanansa cewa kada a yanke masa hukunci mai nauyi bisa lissafin na'ura kaɗai. In an riga an yanke, wajibi ne a sanar da shi, yana kuma da kwana 21 ya nemi a sake dubawa. An rubuta wannan shekara 12 kafin dokar Turai. Da wuya a ce ƙasar da ke da irin wannan sashe ba ta da doka.

Mai ja da wannan matsayi yana da hujja mai ƙarfi, kuma bai kamata a ɓoye ta ba. Zai ce sashen nan ya toshe ƙofar gaba ya bar ta baya a buɗe, domin ya ware hukuncin da aka yanke yayin duba ko za a ƙulla yarjejeniya da mutum. Rance kuwa yarjejeniya ce. Ke nan mai kokon da aka kafa hujja da ita ita ce ta farko da sashen ya bari a waje. Zai ƙara da cewa dokar Turai ta sa auna cancantar mutum ga bashi a rukunin ayyuka masu babban haɗari, ta wajabta tsabtace bayanan da ake horar da na'ura da su, ta wajabta sa idon ɗan Adam, alhali Doka ta 843 ba ta san horar da na'ura ba sam. Ya rufe da cewa dokar da aka yi a zamanin da wayar komai-da-ruwanka ba ta yaɗu a Tamale ba, ba ta da ta cewa yau.

Hujjarsa ta farko gaskiya ce, kuma tilas maƙalar nan ta rage faɗin iƙirarinta saboda ita. Ba za a ce Doka ta 843 ta wadatar ba. Abin da za a iya tsayawa a kai ya fi haka ƙanƙanta: giɓin da ya nuna giɓi ne na ƙaramin sashe guda, majalisa kuwa tana iya ɗinke shi da gyara, ba sai an shigo da doka mai sassa sama da 100 ba.

Hujjarsa ta biyu ce ke da rauni. Dokar Turai ta jingina ne da hukumomin sa ido a kowace ƙasa, da masu binciken na'ura, da kotunan da ɗan ƙasa ke iya kaiwa gare su. In aka ɗauko rubutun aka baro waɗannan, an sayo linzami ba doki. Abin da ya faru a Ghana cikin 'yan shekarun nan yana nuna, a ganin wannan maƙala, cewa duk lokacin da aka kare mutane, tsohuwar doka ce aka motsa. A 2020, lokacin annobar korona, umarnin shugaban ƙasa mai lamba 63 ya nemi kamfanonin waya su miƙa bayanan masu layi. Lauya Francis Kwarteng Arthur ya kai ƙara, a Yulin 2021 kuma babbar kotu ta ce tattara bayanan ya keta haƙƙin sirri. A 2023 Babban Bankin Ghana ya fitar da sunayen manhajojin rance 97 marasa lasisi, irin waɗanda ke kwashe lambobin wayar mutum su tura wa surukansa da limamin unguwarsu saƙon cewa ya ci bashi. Daga baya hukumar EOCO mai yaƙi da laifukan tattalin arziki da abokan aikinta suka kama sama da mutum 400 a Accra. Babu ɗaya daga cikin matakan nan da ya jira dokar ƙirƙirarriyar basira. Najeriya ma da dokokin kare masu saye da na kare bayanai ta ci tarar Meta dala miliyan 220 a Yulin 2024.

Sai dai duka misalan biyu na Ghana a Accra suka faru, kuma wanda ya yi nasara a kotun lauya ne. Nan ne ainihin ciwon yake, wanda mai ja bai taɓo ba. Sashe na 41, ko da an gyara shi, yana neman takarda a rubuce. Mai koko tana jin Dagbanci da Hausa. Amincewar da doka ta ce a nema daga gare ta ta zo ne cikin Turanci a fuskar waya, yaron ƙarƙashin laima ne kuma ya danna mata. Hedkwatar Hukumar Kare Bayanai tana Accra, tafiyar kusan kilomita 600. Sabuwar doka, komai kyanta, a wannan nisa za ta same ta.

Gyaran da hujjojin nan ke iya ɗauka uku ne. A cire rance daga abin da sashe na 41 ya ware. A karɓi ƙorafin baka, da Dagbanci ko Hausa, a matsayin takarda, ta lambar waya kyauta ko ta wani tebur a ofishin ƙaramar hukumar Sagnarigu inda Choggu take. A kuma wajabta wa mai ba da rance ya faɗi dalilin hanawa da muryar da aka naɗa cikin harshen da mai layin ya zaɓa. Jami'ar UDS da ke Tamale tana da ɗaliban da za su iya zama mako guda a gefen laimomin Choggu su ƙirga mutum nawa ke miƙa wayarsu a danna musu, domin a san girman abin kafin majalisa ta zauna.