Mol da lissafin kaso: abin da lambobin jikin buhun taki ke nufi

Mol ma'aunin ƙidaya ne a ilimin sinadarai, kamar yadda dozin yake a kasuwa. Dozin guda 12 ne, mol kuwa guda 6.02 × 10²³ ne, wato 602 da sifiri 21 a bayanta. Ana kiran wannan adadi lambar Avogadro, don tunawa da masanin nan ɗan Italiya, Amedeo Avogadro, wanda ya rayu daga 1776 zuwa 1856. An shigar da mol cikin ma'aunan ƙasa da ƙasa a 1971.

Ƙwayoyin zarra sun yi ƙanƙantar da ba mai iya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, don haka ake ƙirga su da sikeli, kamar yadda mai sayar da ƙusa ke auna kilo maimakon ya zauna yana lissafa guda-guda. Kowane sinadari yana da sanannen nauyin mol ɗinsa: haidirojin giram 1, kabon 12, naitirojin 14, oksijin 16. Ruwa, H₂O, haidirojin biyu ne da oksijin ɗaya, saboda haka mol ɗaya na ruwa giram 18 ne. Idan ana son mayar da giram zuwa mol, sai a raba da wannan nauyi: giram 90 na ruwa mol 5 ne. Idan daga mol za a koma giram, sai a ninka.

Amfanin wannan lissafi ya fi fitowa fili a harkar takin zamani. Yuriya, CO(NH₂)₂, tana da kabon ɗaya, oksijin ɗaya, naitirojin biyu da haidirojin huɗu. Jimillarsu 12 + 16 + 28 + 4, wato giram 60 a kowane mol. Daga ciki giram 28 ne kawai naitirojin, abin da shuka ke nema. A raba 28 da 60, a ninka da 100, za a samu kashi 46.7 cikin ɗari. Wannan ne asalin lambar 46 da ake bugawa a jikin buhu. Ke nan buhu mai kilo 50 yana ɗauke da naitirojin kusan kilo 23.

Lambar nan iyaka ce, ba ta ɗaguwa. Duk dillalin da ya ce yuriyarsa ta haura kashi 47, zance kawai yake yi. Idan kuma gwaji ya nuna kashi 30, to fiye da kashi ɗaya bisa uku na abin da ke cikin buhun ba yuriya ba ce, an dai biya kuɗinta.

Haka ake kwatanta farashi. Amoniyam salfet nauyin mol ɗinsa giram 132 ne, naitirojin ɗinsa kuma 28, wato kashi 21. Sai an haɗa fiye da buhu biyu nasa kafin a kamo naitirojin na buhun yuriya ɗaya, ko da yake shi yana ƙara wa ƙasa farar wuta, wadda yuriya ba ta da ita. Jami'in da ke sayen taki a madadin hukuma, idan farashin buhu kaɗai ya duba, yana iya zaɓar mai tsada yana zaton araha ya samu.

Takin kamfa, NPK 15-15-15, yana da wani ɓoyayyen tarko. Lambar farko naitirojin ce zalla, amma ta biyu da ta uku ana lissafa su ne a matsayin P₂O₅ da K₂O, wato haɗe da oksijin. Fosfaras kashi 44 ne kawai na P₂O₅, fotasiyam kuma kashi 83 na K₂O. Don haka buhu mai kilo 50 yana da naitirojin kilo 7.5, fotasiyam kusan kilo 6.2, fosfaras kuwa bai wuce kilo 3.3 ba.