Bazawara Mai Fara'a: Daga Dandalin Biyana Zuwa Allon Silima

Gabatarwa

Masu nazarin adabi sun daɗe da yarda cewa fassara ba ta tsaya kan ɗauke zance daga wani harshe zuwa wani ba. Ɗauke labari daga dandali zuwa majigi shi ma fassara ce, kuma ba a yin ta sai an yi asarar wani abu, an sami wani. Wannan maƙala za ta bi tarihin wasan Die lustige Witwe, watau Bazawara Mai Fara'a, don nuna yadda fim ɗin 1934 ya riƙe kiɗan wasan amma ya sauya masa jigo.

Asalin Wasan

Opareta wasan kwaikwayo ne na Turai mai raha, inda ake cakuɗa zance da waƙa da rawa, galibi kan soyayya. An fara nuna wannan a Biyana, babban birnin Ostiriya, ran 30 ga Disamba, 1905. Franz Lehár ne ya tsara kiɗan, Viktor Léon da Leo Stein kuwa suka rubuta baitocin, bisa wani wasan Faransanci na Henri Meilhac na 1861. Ke nan tun asali ma wasan juyi ne.

Ga ƙashin labarin. Hanna bazawara ce daga wata 'yar ƙasa matalauciya, Pontevedro, ta gaji dukiya mai yawa. Jakadan ƙasar a Faris yana tsoron kada baƙo ya aure ta, dukiyar ta fita, baitulmali ya durƙushe, sai ya umarci Danilo ya nemi aurenta. To, ashe su biyun sun taɓa son juna, danginsa suka hana don ita 'yar talakawa ce. Yanzu da ta yi arziki, girman kai ya hana shi furta so, gudun kada a ce kuɗi ya biyo. Ƙullin wasan ke nan: bambancin matsayi, da tabon da ya bari.

Juyin 1925

Kamfanin MGM na Amurka ya mai da wasan fim a 1925, a hannun Erich von Stroheim. Fim ne marar magana, saboda haka waƙa, wadda ita ce ran opareta, ba ta da ƙofar shiga. Stroheim ya cike gurbin da dogon labarin abin da ya faru kafin mutuwar mijin, ya mai da bazawarar 'yar rawa Ba'amurkiya, ya kuma fallasa lalacewar gidan sarauta. An sa wa ƙasar suna Monteblanco, amma kowa ya gane Montenegro ake nufi, har Yarima Danilo na can ya kai ƙara kotu a Faris, ya yi nasara.

Fim ɗin 1934

Da sauti ya shigo silima, sai MGM ya koma kan labarin. Ernst Lubitsch, mutumin Balin, ya ba da umarni, Maurice Chevalier da Jeanette MacDonald suka fito a matsayin masoyan. An bar kiɗan Lehár, musamman na rawar wals, amma aka ɗora masa sababbin baitocin Ingilishi, akasari na Lorenz Hart. Ƙasar ta koma Marshovia, Hanna ta koma Sonia.

Babban sauyin shi ne an share tsohuwar soyayyar ƙaf. Danilon Lubitsch hafsan soja ne manemin mata, wanda sarki ya kama a ɗakin sarauniya, ya tura shi Faris ya auro bazawarar. A gidan rawa na Maxim's Sonia ta ɓad da kama ta ce sunanta Fifi, ya so ta bai san ko wace ce ba. Da ta gano aiko shi aka yi, sai ta juya masa baya. Tambayar wasan ta tashi daga "shin zai sauke girman kai?" ta koma "yaya mace mai dukiya za ta gane son gaskiya?" Daga ƙarshe hukuma ta kulle su a kurkuku ɗaya, aka ɗaura auren a can. Habaicin a fili yake: aure ya zama aikin gwamnati.

Fim ɗin ya fito a shekarar da aka tsaurara dokar tace finafinai a Amurka, don haka aka datse wasu sassansa. An kuma ɗauki kwafin Faransanci a lokaci guda, da taurarin nan biyu. Ya sami lambar Oska ta tsara dandali.

Kammalawa

A 1905 'yan kallo mutanen daula ne da suka san nauyin asali a sha'anin aure. Zuwa 1934 daular Ostiriya ta rushe tun 1918, 'yan kallon Amurka kuwa suna cikin karayar tattalin arziki. Ƙasar da fatara ta kama ta fi kusa da zukatansu bisa ga bambancin gidan sarauta da na talaka. Saboda haka mai nazari kada ya auna juyi da ma'aunin kama da asali kurum. Ya kamata ya tambaya: wane ƙulli aka kwance, wanne aka ɗaura a madadinsa, kuma don su wa?