Laƙabin da Jest ba ta sani ba

A 2012 wani Bajamushe, Tobias Koppers, ya fito da Webpack, manhajar harhaɗa fayilolin shafin intanet. Ta ba da damar yi wa doguwar hanyar fayil gajeren laƙabi, kamar @. Sai dai Jest, wadda Facebook ya saki a 2014 don gwada sassan manhaja ɗai-ɗai, ba ta karanta tsarin Webpack. Shafi na aiki sumul, gwaji kuwa ya tsaya cik, wai bai san sunan ba. Dole aka riƙa maimaita laƙabin a moduleNameMapper, aikin da mantuwa ɗaya ke ɓatawa. A ƙarshen 2021 Vitest ta zo, tana ɗaukar laƙabi kai tsaye daga tsarin Vite.